Shawara Ga Mai Niyyar Zuwa Ɗaurin Aure Daga Kano Zuwa Ikko

Tun daga 1912, lokacin da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Kano da Ikko, fataken goro da dillalan shanu suka yi ta gangarawa Kurmi suna kafa zango, har Sabon Ibadan ta kafu a 1916, Agege kuma ta cika da Hausawa waɗanda suka yi aure suka hayayyafa a can. Wannan ne dalilin da ya sa gidaje da yawa na ƙasar Kano suke da reshe a bakin teku, kuma lokaci lokaci goron gayyata yakan iso daga wurin ɗan'uwan da aka daɗe ba a gani ba. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ce amsa kiran walima wajibi ne ga wanda aka ambata da sunansa, ko da yake sun karɓi nisa mai tsanani a matsayin uzuri. Ni dai a ganina, wanda Allah ya hore wa lafiya da guzuri bai kamata ya fake da wannan rangwame ba, domin zumunta a ƙafa take, kuma 'ya'yan da aka haifa a Agege ba za su san dangin ubansu ba sai sun ga fuskokinsu a irin wannan rana.

Abin da ya fi kome muhimmanci, wanda kuma mutane suka fi sakaci da shi, shi ne ranar tashi. Ɗaurin aure, duk da hidimar watanni da ake yi dominsa, ɗan taƙaitaccen abu ne: wakilin ango ya nema, waliyyin amarya ya bayar, a ambaci sadaki a gaban shaidu, liman ya yi addu'a a shafa fatiha, kafin wanda yake bakin ƙofar masallaci ya gama neman wurin ajiye takalminsa an fara rabon goro da dabino. Mutumin da ya ratsa fiye da kilomita dubu sa'an nan ya iso bayan an watse, haƙiƙa ya sha mashaƙƙa ya rasa abin da ya fito nema. Saboda haka idan ɗaurin auren ranar Asabar ne, a tashi Laraba, ko a ƙurewa Alhamis da asuba. Mata kuwa, da yake kamu da sa lalle suna gabatar ɗaurin aure, su riga maza da kwana biyu.

Mai tafiya a mota yana da hanya biyu bayan ya wuce Zariya ya kai Kaduna. Ɗaya ta bi ta Abuja, ta haye kogin Kwara a gadar Murtala Muhammad kusa da Koton Ƙarfe, ta shiga Lokoja da Okene, ta ratsa ƙasar Yarabawa zuwa Ibadan. Ɗayar kuwa, tsohuwar hanyar fatake, ta bi ta Tegina da Mokwa, ta haye a Jebba, ta faɗa Ilori da Ogbomosho da Oyo. Kowace da aibinta. Ta Lokoja ambaliya takan yanke ta a ƙarshen damina, kamar yadda ya faru a 2012 da 2022, inda motoci suka yi kwanaki a tsaye; ta Jebba kuma sashenta na wajen Birnin Gwari ya yi fama da 'yan bindiga shekara da shekaru. Kada matafiyi ya dogara da labarin bara. Ya je tasha da kansa a cikin makon tafiyar, ya tambayi direbobin da suka dawo jiya, ya kuma zaɓi motar da take tashi da sassafe, domin rahusar da ake samu a motar dare ba ta kai hatsarinta ba. Ya riƙe katin shaidarsa a aljihun gaba saboda shingayen bincike, kuɗinsa kuwa ya raba su wuri biyu.

Wanda yake da hali ya hau jirgin sama daga filin Malam Aminu Kano, cikin kamar sa'a ɗaya da rabi ya sauka Ikeja, wadda take maƙwabtaka da Agege. Sai dai ya tuna cewa a Disamba da Janairu, watannin da bukukuwa suka fi yawa, hazo yakan sa a ɗage tashin jirage, don haka shi ma kada ya yanki tikitin safiyar ɗaurin aure.

Game da salla, tafiyar ta wuce mil 48 da fuƙaha'u suka gindaya nesa ba kusa ba, saboda haka matafiyi zai yi ƙasaru, ya mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu da zarar ya bar gidajen gari. Amma idan ya ƙudurta zaman kwana huɗu cikakku a Ikko, to hukuncin mazauni ya hau kansa, sai ya cika. Ya tafi da buta da ɗan abin shimfiɗa, ya kuma yi alwala duk inda mota ta tsaya, domin direba ba kullum yake tsayawa a kan lokaci ba.

Tsaraba tana bukatar tunani. Wanda ya daɗe a Kurmi ba shadda yake marmari ba, domin akwai ta a kasuwanninsu. Abin da yake sa idonsa ya yi haske shi ne kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da man shanu da kilishi, sai alkaki da nakiya don gara, da turaren wuta don ɗakin amarya. A ɗaure man shanu a cikin roba mai murfi, a sake naɗe shi da leda, a nisanta shi da kayan anko; kilishi kuwa a raba shi ranar da aka isa, domin laimar iskar teku takan sa ya yi fumfuna cikin 'yan kwanaki.

Sai batun masauki, wanda nake roƙon mai karatu ya kula da shi ƙwarai. Gidajen Ikko ƙuntatattu ne, kuɗin haya kuma yana da tsada, har magidanci mai rufin asiri yakan zauna da iyalinsa a ɗaki biyu. Uban amarya kuwa, wanda kunya ba za ta bar shi ya ce wa ɗan'uwansa babu wuri ba, yana iya kwana a baranda alhali gobe shi ne mai karɓar jama'a. Muruwa ita ce a sanar da shi adadin masu zuwa tun da sauran mako biyu, kada a ƙara masa ko yaro ɗaya a kan haka, masu ƙarfi kuma su kama ɗaki a kusa da kuɗinsu. Gudummawa a miƙa masa ita a keɓe, a daren isowa, lokacin da take da amfani wajen cefane.

Kafin a juyo, a ziyarci dattawan zango a yi musu godiya, a shiga a ga ɗakin amarya a sa mata albarka. Sa'an nan matafiyi ya riƙe a ransa nawa aka biya sadaki, wa ya yi walicci, wa ya karɓa wa ango, a wace unguwa aka kai amarya, ya kuma keɓe goron kowace gwaggo da kowane kawu da suka ba shi saƙo, domin waɗannan ne za a fara tambayarsa tun bai sauke jakarsa ba.