Yaya zan ƙara amfanin rogo ba tare da kashe kuɗi da yawa ba?

Tambaya: Ina noman rogo a yankin Karaye, amma saiwar ba ta cika. Taki kuma ya yi tsada. Ina mafita?

Amsa: Malam, gyaran yana farawa daga iri. Ka zaɓi itace lafiyayye daga shukar da ta kai wata 10 zuwa 12, wadda ganyenta bai murɗe ba. Ka yanka tsakiyarsa da wuƙa mai kaifi, tsawon santimita 25, mai idanu 5 zuwa 7. Ka dasa a karkace kan kunya, idanu na kallon sama, tazarar mita ɗaya, bayan ruwa ya zauna. Watanni 3 na farko kada ka bar ciyawa. Takin dabbobi da toka za su rage maka kuɗin na zamani. Ka tuntuɓi malaman gona na hukumar KNARDA kan irin rogo na TME 419. Allah ya ba da damina mai albarka.