Juya Ganyen Gyaɗarka Kafin Ka Sayi Magani

Wani manomi daga Dutsi ya aiko yana cewa ganyen gyaɗarsa ya fara ɗigo-ɗigo tun tsakiyar watan Agusta, ya yi feshi har sau biyu, abin sai gaba yake. Malam, kafin ka ƙara kashe ko kwabo, shiga gonar da sassafe ka juya ganyen ka dubi bayansa.

In ka ga ƙananan ƙuraje masu launin jar ƙasa, ka murza su da yatsa. Idan gari ya shafe maka hannu kamar ka taɓa tsohuwar fartanya, tsatsar gyaɗa ce. Ganyen da ta kama yakan bushe ya ƙanƙance, amma yana nan maƙale a jikin reshe. In kuwa ɗigon ya fi faɗi, ruwan ƙasa ne da zobe rawaya kewaye da shi, ko baƙi ƙirin a bayan ganye, kuma ganyaye na zuba a gindi, ciwon ɗigon ganye ne. Sau da yawa su biyun kan haɗu a gona ɗaya idan damina ta yi nisa, raɓa ta yawaita.

Bambancin ba ƙarami ba ne wurin sayen magani. Carbendazim yana maganin ɗigo, amma tsatsa ko a jikinta. Mancozeb ko chlorothalonil suna tare duka biyun, amma rigakafi ne: ganyen da ya riga ya ƙone ba zai dawo ba. A fara da ganin alamar farko, a maimaita bayan mako biyu, ruwan maganin ya riƙa kai wa bayan ganye. In saura mako biyu cira, bar kuɗinka a aljihu.

Akwai ta ukun da take ruɗa mutane. Gyaɗa ta tsugune, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, babu ƙurji babu gari: kuturta ce, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa. Ita ce ta yi wa Arewa mummunar ɓarna a 1975. Maganin tsatsa ba ya taɓa ta. A tuge gyaɗar da ta kamu, baɗi a nemi iri mai jurewa irin SAMNUT 24 na cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya.

Wasu kan ce ai ganye ne kawai waɗannan cututtuka ke ci. Su tambayi mai kai harawa kasuwar Mai'aduwa da rani. Kuma ganyen ne ke cika ƙwaya.

Aikin baɗi yana farawa da rani. Tsatsa ba ta daɗewa a busasshen ganye, a jikin gyauro take fakewa, don haka a tuge duk gyauron gyaɗa, musamman na bakin fadama. Ɗigo kuwa a ragowar ganyen cikin ƙasa yake kwana, sai a sa gero ko dawa a wurin, gyaɗar ta koma wani fegi, a shuka ta da ruwan farko mai ƙarfi. In alamar ta rikita ka, ɗebi ganyen a takarda, ba a leda ba, ka kai wa malamin gona na hukumar aikin gona ta jiha, KTARDA.