Kafin Ka Ajiye Bindiga a Gida

Ɗan'uwa, idan rashin tsaro ya sa kana tunanin sayen bindiga, fara da doka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta mallakar ƙaramar bindiga ta hannu ko ta yaƙi sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Bindigar farauta kuwa, lasisinta na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Ko a 2022 da gwamnan Zamfara ya ce jama'a su nemi bindiga, dokar ba ta canza ba. Wanda aka kama ba lasisi, gidan yari ne makomarsa.

Ka guji ƙirar gida da ake sayarwa a ɓoye. Bututunta kan fashe a hannun mai harbi.

In kana da lasisi, kada ka ajiye ta da harsashi ƙarƙashin katifa. Bindiga a akwati mai kwaɗo, harsashi a wani wuri daban, makulli a jikinka, domin babu lungun da yara ba sa tonawa. Harsashi kuma yana ratsa zana da ƙofar langa-langa.

Da dare, kada ka harbi inuwa. Haska, ka yi magana tukuna. Wataƙila ɗanka ne ya fito fitsari.