Hukuncin Kiwon Tsuntsayen Ƙawa Da Sharaɗin Hana Sayarwa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, a Mashi da sauran garuruwan da ke tsakanin Katsina da Daura akwai masu kiwon tattabaru da kanari da ɗawisu, har da aku da barewa. Wani yakan shekara yana wahala da tsuntsu, ran da ya sayar kuwa sai mai sayen ya miƙa shi ga dillali. Daga nan tsuntsun ya shiga hannun wanda bai san abincinsa ba, ko kuwa a tsallaka da shi iyakar Nijar. Saboda haka wasu sukan gitta sharaɗi cewa kada a sake sayarwa. To, mene ne hukuncin wannan a shari'a?

Da farko dai, kiwon kansa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa ƙanensa Abu Umairu yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi (S.A.W.) ya sani bai kuwa hana ba. Amma fa halaccin yana tare da nauyi, domin sun kuma ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba. Aya ta 38 ta Suratul An'ami ta nuna cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mutane.

Game da sharaɗi kuwa, malaman Malikiyya sun bayyana cewa manufar ciniki ita ce mallaka, mai mallaka kuma yana da ikon sayarwa da kyautarwa. Duk sharaɗin da ya rushe wannan manufa, kamar a ce kada ya sayar wa kowa, yana ɓata cinikin, sai fa in an janye sharaɗin. Haka yake a Muhtasar na Shehu Halilu. Akwai kuma ƙissar Barira, wadda Nana A'isha ta saya don ta 'yanta, iyayengijinta suka gitta sharaɗin da ya saɓa wa shari'a, Annabi (S.A.W.) ya soke shi.

Duk da haka shari'a ba ta ɗaure hannun mai kiwo ba. Na ɗaya, yana da ikon zaɓen wanda zai sayar wa, ya bincika ko yana da keji da abinci da sanin kiwo. Na biyu, masu sharhin Muhtasar sun halatta sharaɗi ƙanƙane, watau a ce kada a sayar wa wane, ko wasu 'yan mutane kaɗan. Na uku, in bayan an ƙulla ciniki mai saye ya yi alkawari don ra'in kansa cewa zai fara tuntuɓar mai kiwon kafin ya sayar, babu laifi, cika alkawari kuwa halin mumini ne. Na huɗu, wanda ba ya iya rabuwa da tsuntsunsa sai ya ba da shi aro ko amana, mallaka ta zauna a hannunsa.

Sa'an nan akwai inda sayarwar take haramta tun daga tushe. Wanda ya san mai saye zai azabtar da dabba, ko zai sa ta faɗa don caca, bai halatta ya sayar masa ba, kamar yadda malamai suka hana sayar da inabi ga mai yin giya. Haka nan abin da hukuma ta hana don amfanin jama'a. Nijeriya tana cikin yarjejeniyar CITES ta 1973, ta kuma kafa Doka ta 11 ta 1985 don kare namun dajin da ke shirin ƙarewa. A 2016, a taron Johannesburg, an hana fataucin aku mai ruwan toka da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Gauraka ma, wadda a da ake gani a fadamun Arewa, ta yi ƙaranci ƙwarai, kamun da ake yi mata don ƙawata gidaje yana cikin dalilai. Aya ta 59 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da biyayya ga shugabanni, matuƙar ba su umurci saɓo ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke.

Don haka ya kamata mai kiwo ya yi bincikensa tun kuɗi bai shiga hannu ba, domin bayan ciniki ba shi da sauran iko. Mai saye kuma ya tuna cewa za a tambaye shi game da ran da ya tsare a keji. Allah Shi ne Masani, Shi ne kuma Mai datarwa.