Wasiƙa ga Matasan Kurfey: Ku Rufe Gindin Itacenku

'Ya'yana, samari da 'yan matan Filinge da ƙauyukan Kurfey.

Kowace shekara ranar 3 ga Agusta ana dashen itatuwa a Nijar, kuma ku ne masu haƙa rami da ɗaukar ruwa. To a zagaya gidaje a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a ga nawa suka rayu. Sai ka ji ana cewa akuya ce ta cinye. Akuya tana da nata laifin, amma tsintsiya ma ba ta kuɓuta ba. Kullum safiya a share tsakar gida ƙal, a tara ganyen dogon yaro a lungu, a cinna masa wuta, a bar gindin ɗan mangwaro tsirara. Ƙasarmu ta Dallol Bosso rairayi ce. Bokitin ruwan da aka zuba da safe, kafin azahar rana da iska sun raba shi.

Wannan sharar da kuke ƙonawa, ita itacen yake bukata. Ku tara busasshen ganye da ƙaiƙayin sussuka da ɓawon gyaɗa, ku jiƙa ƙasa tukuna, sannan ku shimfiɗa su kewaye da itacen, kaurin yatsa huɗu, faɗinsu ya kai iyakar inuwar rassa. Ku ɗora 'yan karare a kai don kada iskar hunturu ta kwashe. Bayan kwana biyu ku ɗaga da tsakar rana ku cusa yatsa: ƙasar da sanyinta, da damshinta, alhali taki ɗaya daga nan ba a iya taka ta ba takalmi.

Na san za ku ce gara. Ƙwarai za ta zo, kuma zuwanta alheri ne, domin tana cin busasshen abu tana huda ƙasa, ta waɗannan ƙofofin ruwa ke shiga. Iyayenku sun san wannan tun tuni. Shi ya sa manomi ke jibge rassan sabara a kan faƙo: rassan su tare rairayin da iska ke kawowa, gara ta buɗe ƙasa, da damina ciyawa ta tsiro. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kudu da Yamai, sun gwada barin karan hatsi a gona, suka tabbatar yana rage zaizayar iska. Abin kiyayewa shi ne a bar tazarar tafin hannu tsakanin shimfiɗar da jikin itacen, don kada ɓawonsa ya ruɓe ko gara ta hau shi. A tsince leda. Kuma a riƙa motsa wurin da sanda kafin a sa hannu, saboda kunama ma tana son sanyi.

Ban ce ku taɓa harawa ba. A ƙasar kiwo irin tamu, mai shanun Azawak na Tukunus, abincin dabba ba abin zubarwa ba ne, kara kuma ana danni da shi, ana girki. Abin da ba mai saye a kasuwar Lahadi nake nufi.

Don Allah, gobe idan an yi shara, kafin a kawo ashana, ku roƙi iyayenku mata su bar muku tarin, ku kai shi gindin itace.

Wassalam,
Kawunku, daga Filinge.