Darasi: Ganyen Lambu Abincin Karfasa Ne

'Yan'uwa manoma, mu da muke noman rani kusa da madatsar ruwa ta Tomas a ƙasar Ɗambatta mukan zubar da latas da alayyahu da kasuwa ta ƙi. Karfasar da muke kiwo tana cinsu, tarwaɗa ce ba ta cika cin ganye ba.

Mu yanka ƙanana, mu zuba da safe tare da dusa. Wanda aka fesa wa maganin ƙwari kada ya shiga kududdufi. Da yamma mu kwashe saura, gama in ya ruɓe yakan cinye iskar da ke cikin ruwa. In kifi sun taso da asuba suna buɗe baki, mu hana su abinci ranar nan, mu ƙara sabon ruwa.