DARASI: IDAN GAƁAR ƘARFE TA KAMU DA CUTA, AKA CE A SAKE AIKI

 

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, abin da ya jawo wannan darasi shi ne halin wani dattijo daga cikin jama'ar masallacinmu. An yi masa aikin kwatangwalo a ƙasar waje, aka cire gaɓar da ta lalace aka sa ta ƙarfe, bayan ƴaƴansa sun sayar da gona. Ya dawo yana takowa zuwa sahu da ƙafarsa. Kafin shekara ta zagayo sai ciwo ya dawo, wata ƴar ƙofa ta buɗe a jikin tabon tana zubar da mugunya. Likita ya ce sai an sake fiɗa. Da muka je gaishe shi, sai ya ce: "Malam, na nemi magani sau ɗaya, Allah bai nufa ba. In na koma, ai jayayya nake yi da ƙaddara." Wannan magana ce muke so mu duba.

Na farko: abin da Sunna ta koyar

Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, Allah Ya yarda da shi. An sare masa hanci a yaƙin Kulab, zamanin jahiliyya, sai ya yi hanci na azurfa. Azurfar ta yi masa wari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya yi na zinariya, duk da cewa zinariya haramun ce ga maza.

Mu lura da abu biyu. Ɗaya, sa wani abu a madadin gaɓar da aka rasa halal ne. Biyu, da abin farko ya ɓaci, ba a ce wa Arfaja ya zauna da wari da sunan haƙuri ba. An ce ya cire ya sake. Saboda haka aiki na biyu yana cikin neman magani kamar na farko, kuma shi ma yana cikin ƙaddara.

Na biyu: yadda cutar take

Wannan aiki, a siffarsa ta yau, wani likitan Ingila mai suna John Charnley ne ya kafa shi a shekarar 1962. Ana cire kan ƙashin cinya, a soka sandar ƙarfe cikin ƙashin, a kanta akwai dunƙule mai juyawa cikin wani ɗan kwano da aka kafa a ƙugu. A wajenmu, masu bukatarsa sun haɗa da tsofaffin da suka karye a wuyan ƙashin cinya, da waɗanda suka yi haɗarin hanya, da masu amosanin jini, waɗanda kan ƙashinsu ke mutuwa don rashin isar jini.

Cikin mutum 100 da aka yi wa aikin, kamar 1 ko 2 ne ƙwayoyin cuta ke kama gaɓar. Wani lokaci suna shiga ranar fiɗa, wani lokaci kuma jini ne ke kawo su bayan shekaru daga ruɓaɓɓen haƙori, ko gyambo, ko ciwon mafitsara. Ciwon sukari da shan taba da rashin abinci mai gina jiki suna ƙara haɗarin.

Me ya sa shan magani kaɗai ba ya isa? Saboda jini ne ke kai magani ko'ina cikin jiki, ƙarfe kuwa ba shi da jini. Ƙwayoyin cutar suna manne masa, su lulluɓe kansu da wani yauƙi. Ku dubi randa idan gansakuka ta kama cikinta: ko sau nawa aka zuba mata ruwa mai tsabta, gansakukar na nan sai an sa hannu an kankare. Kafson da ake saye a bakin hanya yana iya kwantar da masassara kwana kaɗan, alhali cutar na cin ƙashin da ke riƙe da ƙarfen.

Alamominta su ne ciwon da ke ƙaruwa har da dare, kumburi da zafi a wurin, masassara, ko ruwan da ke fita daga tabo. Wanda ya ga haka ya koma asibiti a ranar, kada ya fara shan komi da kansa. Likita yana auna jini, ya ɗauki hoton ƙashi, ya zuƙo ruwan gaɓar da allura don a gane irin ƙwayar. Maganin da aka riga aka sha yana ɓoye ta, shi ya sa akan dakatar da shi mako 2 kafin awon.

Na uku: hanyoyin aikin

Idan an gano cutar da wuri, cikin kamar mako 4 bayan aikin farko, kuma ƙarfen bai girgiɗa ba, ana iya buɗewa a wanke, a canza sassan da ke ciruwa, a bar sauran. Idan ta daɗe, sai an cire duka. Wasu ana cire tsoho a sa sabo a zama ɗaya. Da yawa kuwa a zama biyu ake yi: a cire ƙarfen, a sa abin riƙo na wucin gadi da aka yi da simintin ƙashi gauraye da magani, a yi kamar mako 6 ana ba da magani, sa'an nan in awo ya nuna cutar ta mutu a sa sabuwar gaɓa. Wannan hanya tana kawar da cutar ga mutum 8 zuwa 9 cikin 10. Inda ƙashi ya riga ya cinye, wani lokaci sai dai a cire ƙarfen a bar wurin haka nan, ƙafar ta gajarce, mutum ya koma ga sanda. Kun ga ke nan jinkiri shi ne ke rufe ƙofofi masu sauƙi ɗaya bayan ɗaya.

Ba za mu ɓoye ba, aiki na biyu ya fi na farko tsawo da zubar jini da tsada. Haƙƙin majinyaci ne ya tambayi likita wace hanya za a bi da shi, da dalili.

Na huɗu: ibadar majinyaci

Da yawa abin da ke tsoratar da su shi ne rabuwa da sujada, domin a makonnin farko likitoci sukan hana lanƙwasa kwatangwalo ƙwarai da zama a ƙasa, don kada gaɓar ta goce. Shari'a ta yalwata. Buhari ya ruwaito cewa an ba Imrana ɗan Husaini izinin yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, ko a kishingiɗe in ya kasa zama. Majinyaci ya zauna kan kujera mai tsayi, ya yi nuni, nunin sujada ya fi na ruku'u ƙasa.

A mazhabar Imamu Malik, mugunya ko jinin da ke fita daga rauni ba ya warware alwala. Kwatangwalo ba ya cikin gaɓoɓin alwala. A wankan wajibi kuwa, sai a wanke lafiyayyen jiki a yi shafa a kan bandeji, in ruwa zai cutar a yi taimama.  In azumi ya riske shi yana kan magani mai ƙayyadadden lokaci, ya sha ya rama daga baya. Kada ya yanke magani don ya ji sauƙi, sai ranar da likita ya ce.

Na biyar: haƙƙinsa a kanmu

Gaisuwa ta kwana ɗaya ba ta isa ga jinyar watanni ba. Samarinmu su ba da jini kafin ranar fiɗa. Masu hali su sani cewa wanda jinya ta talauta ko ta ɗora wa bashi yana cikin masu cin zakka. Mu kuma kame bakinmu daga cewa an yi masa sammu, ko "da ma ba a taɓa ba", domin irin wannan magana ce ke hana mutum komawa asibiti.

Dattijon namu ya saurari labarin Arfaja, ya yi shiru, sa'an nan ya ce a kira babban ɗansa. An yi zama na farko, an cire ƙarfen. Yanzu yana gida yana salla a kan kujera, yana jiran awon da zai nuna ko lokacin zama na biyu ya yi. Muna roƙon ku sa shi cikin addu'a.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa ciwonsu ya zama kaffara, Ya shiryar da hannun masu yi musu aiki. Amin.